Mun San Rikicin Sarautar Kano, Amma Wa Ya San Asambulimansa?



Duk wanda ya karanta wannan rubutu, muna roƙonsa ya yi wa na kusa da shi tambaya biyu bayan sallar magariba. Ta farko, ya tambaye shi sunayen sarakunan nan biyu da ke jayayya kan gadon sarautar Kano tun watan Mayun 2024. Zai ba shi amsa babu tuntuɓen harshe, har ya ƙara masa da wanda ke Gidan Rumfa da wanda ke fadar Nasarawa. Ta biyu, ya tambaye shi sunan wakilin unguwarsu a majalisar gunduma, wanda muke kira asambuliman, da shekarar da aka zaɓe shi. A nan ne za a ga sosa ƙeya. Ga shi kuwa kwatar da ke cika ta shigo ɗaki in damina ta sauka, a Nima ko a Aboabo, ba ta taɓa jin sunan Sanusi ko Bayero ba.

Mu da ke zaune kusa da dattawa, muna rubuta musu wasiƙu muna karanta musu waɗanda suka zo, mun ga lokacin da wannan abu ya soma, kuma mun san ta ƙofar da ya shigo. Ta zaurukan waya ya shigo, na WhatsApp da Facebook da TikTok, inda yau mafi yawan mutanenmu suke samun abin da suke kira sanin siyasa.

Dalilin da ya sa zaurukan nan suka fi ƙarfi a kanmu fiye da maƙwabtanmu yana cikin harshe. Hausa a Gana harshen kunne ce. Ba ta cikin harsunan da makarantun gwamnati ke koya wa yara, don haka da yawa daga cikin masu jin ta ba su saba karanta ta da boko ba, masu ajami kuma suna ta raguwa. Siyasar ƙasar nan da Turanci ake rubuta ta, da Tonanci ake yin gardamarta a yawancin gidajen rediyo. Abin da ke zuwa wa tsohuwa da ɗan kasuwa da direba cikin harshen da ya sha a nono shi ne saƙon murya da ɗan gajeren bidiyo. To su wa ke yin waɗannan? Inda Hausawa suka fi yawa can ake yin su, Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai. Saboda haka mutum yana kwance a Sabon Zango, kunnensa yana Kano. Yana jin zafin abin da aka yi wa Kwankwaso ko Ganduje kamar a tsakar gidansu aka yi, ya kwana yana zagin Tinubu, alhali ƙuri'arsa ba ta isa ta motsa ko kujerar kansila a can ba.

Wani zai ce ai dama can haka muke, tun zamanin rediyo. Gaskiya ne cewa Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, mako ɗaya bayan Gana ta sami 'yancin kai, kuma iyayenmu sun rayu da shi a kunne. Amma rediyo yana da mai shi, yana da suna da adireshi, in ya yi ƙarya akwai wanda za a kama. Kuma a zaure ake sauraronsa, a gaban mutanen da ba ra'ayinsu ɗaya ba. In yaro ya ɗauko magana ya karkatar, akwai dattijon da ya yi fatauci har Salaga da Kano wanda zai ce masa, kai, ba haka aka ce ba. Gidan rediyon gwamnatin Gana ma yana da shirye-shiryen Hausa da ke kawo labarin gida. Zauren waya ba shi da wannan dattijo. In ma yana ciki, shiru yake yi, don ya ga yadda ake yi wa wanda ya ce a dakata: a kira shi munafuki, ko ɗan koren Turawa, ko mai zauren ya fitar da shi da dare. Daga nan sai mutum ɗari biyu su zauna suna sauraron mutum biyar, kowa yana tsammanin sauran sun yarda.

A makarantun da muka yi karatu, abin da aka fara koya mana game da labari shi ne isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma wancan daga wa, kuma kowannensu yaya halinsa da riƙonsa. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tafiya daga gari zuwa gari don su tantance mutum guda a cikin sarƙar masu ruwaya. Sun kuma bambanta labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawa waɗanda ba su haɗu da juna ba, wato mutawatiri, da wanda ya zo ta bakin mutum ɗaya. Babbar yaudarar zaurukan waya a nan take. Saƙo ɗaya zai iso wa mutum daga zauren 'yan unguwa, da na tsofaffin ɗaliban makaranta, da na dangi, da na 'yan kasuwa, duk cikin awa guda. Sai zuciyarsa ta ce masa ai magana ta tabbata, tunda kowa ya faɗa. Alhali murya ɗaya ce, ta mutumin da ba a san sunansa ba balle halinsa, ta shigo ta ƙofa huɗu. Labarin mutum ɗaya ne ya sa rigar mutawatiri. Kamfanin WhatsApp da kansa ya san wannan ciwo, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da wanda aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya. Wannan 'yar alamar kibiya biyu da ke saman saƙo, da malaminmu na zaure zai fassara ta, da cewa zai yi: mai ruwaya majahuli ne. Abin mamaki, ɗalibin da ba zai karɓi hukuncin alwala ba sai an gaya masa littafi da babi, shi ne zai tura wa mutum dubu labarin juyin mulki daga muryar da ta fara da "an ce".

Dubi abin da ya faru da sunan Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso. Tun da ya karɓi mulki a ƙarshen Satumban 2022, sojojin Nijar kuma suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, zaurukanmu suka cika da shi. Da ya zo Akra bikin rantsar da Shugaba Mahama ranar 7 ga Janairun 2025, kowa ya ji irin shewar da aka yi masa. Ba mu hana kowa ƙin mulkin mallakar Faransa ba, mu ma ba masoyansa ba ne. Amma an yi ta yawo da bidiyon da kwamfuta ta ƙirƙira, na manyan mawaƙan Amurka suna yi masa waƙa, har da na Fafaroma yana yaba masa, kuma mutanenmu suka tura da hannuwansu. Matashin da ya sha wannan safe da yamma yakan tashi da ra'ayin cewa zaɓe ɓata lokaci ne, soja ne magani. Ya tambayi kakansa. Ƙasar nan ta ɗanɗana soja a 1966 da 1972 da 1979 da 1981, kuma matan da suka yi kasuwanci a Makola lokacin da aka rushe ta a 1979 wasunsu suna nan da rai.

Ga mu 'yan tsiraru, wannan ba wasa ba ne. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, kuma babu zangon da bai yi kuka ba. An tafi da mutanen da a nan aka yanke musu cibiya. Har yau in za a yi rajistar katin ƙasa ko na zaɓe, mai suna Garba ko Hadiza yakan sha tambayar da ba a yi wa wani. Makamin mutum a wannan wuri shi ne sanin doka. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan zuwansa ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Hukunci ne da ya shafi kowane gida a zango. Zauruka nawa ne suka zauna suka warware wa mutane ma'anarsa da Hausa? Kuma wanda bakinsa kullum yana kan zaɓen wata ƙasa, wace amsa yake shirya wa mai ce masa baƙo?

Siyasar da ke taɓa tukunyarmu kuwa ba ta da armashin bidiyo. Ƙasar nan tana da majalisun gundumomi 261. Kashi 70 cikin ɗari na wakilai jama'a ke zaɓa, ba da tutar jam'iyya ba, sauran shugaban ƙasa ke naɗawa. Shugaban gunduma ma shugaban ƙasa ke kawo sunansa, amma ba ya hawa sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka halarta suka yi zaɓe sun amince. Tsarin mulki ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa gundumomin nan. A can ake yanke maganar rumfar kasuwa da harajinta, da shara, da ban-ɗakin jama'a, da wace hanya za a fara gyarawa. An yi zaɓen waɗannan wakilai a Disamban 2023, rumfunan zaɓe suka yini fayau, zaurukanmu kuwa a makonnin nan suna jiran abin da Kotun Ƙolin Najeriya za ta ce kan kujerar gwamnan Kano.

Ko da siyasar gida ta shigo zauren, da rigar faɗa take shigowa. Kafin zaɓen 7 ga Disamban 2024 ɓangare ɗaya yana tuna wa mutane 1969, ɗaya yana cewa ga Musulmi, Dokta Bawumia, ya tsaya, ƙin sa zunubi ne. Aka yi ta jifan juna da kafirci da cin amana tsakanin mutanen da ke sahu ɗaya a masallaci. Mahama ya ci da fiye da kashi 56 cikin ɗari, Bawumia ya taya shi murna washegari, su kuwa 'yan zaure wasu har yau ba sa gaisawa. A duk wannan hayaniya, da wuya ka ji wanda ya kawo lissafi. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, an yi ma'aikata sukutum da sunanmu a shekarar, aka rushe ta a 2021. Nawa aka ware, nawa aka saki, me aka gina a unguwarku? Wannan ita ce tambayar da ta kamata a yi wa jam'iyyun biyu, mai mulkin jiya da mai mulkin yau, kuma ita ce ba ta samun masu turawa.

Ba mu ce a yanke zumunci da Kano ko Damagaram ba. Can ne tushen da yawa daga cikinmu, can malamanmu suka yi karatu, kuma in gemun ɗan'uwa ya kama wuta dole a shafa wa namu ruwa. Ba mu kuma ce a jefar da waya ba; da ita ake sanar da rasuwa, da ita ake tara kuɗin asibiti cikin dare ɗaya, mun gani mun yaba. Maganarmu da masu riƙe da zaurukan ce. Wanda ya tara mutum ɗari biyu yana zaɓar abin da za su ji da wanda zai yi magana, ya zama mai unguwa ko bai sani ba, kuma mai unguwa ana tambayarsa.

Saboda haka muna kira gare ku, ku masu zauruka, da ku 'ya'yanmu da kuka yi boko kuke jin Turancin takardun gwamnati. Saƙon da ba a san mai shi ba, ku tambayi wanda ya turo daga ina ya samo, in ba shi da amsa ku goge, ko da ya yi daidai da ra'ayinku. Ku sa asambuliman ɗin unguwa cikin zauren, ya riƙa faɗin abin da aka tattauna duk lokacin da majalisa ta zauna. Ku ɗauki kasafin kuɗin gunduma ku karanta shi da Hausa a saƙon murya na minti biyar, yadda iyayenmu mata za su ji suna tuƙa tuwo. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, wadda ta ba kowa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba jami'in kwana 14 ya yanke shawara a kan buƙatar. Wanda bai san yadda ake tsara wasiƙar ba, ya je fadar sarkin zangonsu, akwai masu alƙalami a can. Zaɓen gundumomi na gaba a 2027 yake.