Rage Maganin Kansa Ba Rowa Ba Ce

'Yan uwa, na sha jin masu jinya suna ƙorafi wai likita ya rage wa mara lafiyarsu maganin kansa. Ni ina bayan likitan. Hanta ce ke tace magunguna irin su doksorubisin, ta fitar da su ta matsarmama. Idan cutar ta yaɗu ta raunana hanta, maganin sai ya daɗe cikin jini, garkuwar jiki ta karye, baki ya yi gyambo. Shi ya sa ake gwajin jini kafin kowane zagaye.

Abin da ya fi damuna shi ne jiƙo da sassaƙen da muke ɗura musu a ɓoye da zarar ido ya yi rawaya, wai shawara ce. Hantar da ta gaji muke ƙara wa kaya. Ranar komawa JUTH a Lamingo, don Allah a kwashi duk abin da ake sha a nuna wa likita.