Provins, kasuwar da hanya ta ƙaurace wa

Ɗan Nijar da ke zaune a Paris, ko karatu ya kai shi, ko ƙaro sanin aiki, ko saro kaya, sau da yawa yakan gama zamansa bai san komai daga Faransa ba sai ɗakinsa, da jirgin metro, da kasuwar Château-Rouge inda ake samun kuɓewa da busasshen kifi. Alhali in ya shiga jirgi a tashar Gare de l'Est da hantsi, cikin kamar awa ɗaya da rabi yana Provins, wajen kilomita 90 kudu maso gabas, ya wuni, ya komo kafin isha'i. Mai katin Navigo na wata ba ya ƙara ko dala, don tun 2015 katin ya game yankin duka.

Garin ƙarami ne, mutanensa kamar 12.000. Amma a ƙarni na 12 da na 13 yana cikin manyan kasuwannin Turai. Sau biyu a shekara, a watan Mayu da na Satumba, kasuwarsa takan ci makwanni a jere. Fataken Flandre, a wajen Beljik ta yau, su zo da yadin ulu, na Italiya su zo da siliki da kayan yaji. Kuɗin da ake bugawa a garin har a Roma ana karɓarsu.

Provins ba ta da teku, ba ta da babban kogi. Aminci ne ya tara mata jama'a. Sarakunan ƙasar Champagne sun ɗaukar wa kansu tsaron falke da kayansa tun daga hanya, suka kuma naɗa masu kula da kasuwa da ke rubuta ciniki, suna bin bashi. Wanda ya ci kuɗin wani ya gudu, ana iya hana ƴan garinsu duka shiga kasuwar sai an biya. Wannan hukunci da tsauri yake, amma shi ya sa baƙo ke ba baƙo kaya bashi har kasuwa ta gaba.

Ɗan kasuwar Maraɗi in ya shiga gidan da ake kira Grange aux Dîmes, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Fataken Toulouse ne ke hayarsa: ƙasa ma'ajiyar kaya, tsakiya wurin ciniki, bisa makwanci. Gidan fatoma ke nan, sai dai na dutse ne.

A 1284 magajiyar Champagne ta auri Philippe, wanda ya hau sarautar Faransa a 1285, ƙasar ta koma hannun sarkin da ya shiga yaƙi da Flandre. Jiragen ruwan Italiya kuma, tun daga 1277, sun fara kewayawa ta teku har Bruges. Fatake suka bi inda sauƙi yake. Mutanen Damagaram sun san irin wannan labari: da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Tarabulus ya ƙare, a 1926 kuma fadar mulki ta tashi zuwa Yamai.

Talaucin da ya biyo baya shi ya tsare garin, tunda ba a samu mai kuɗin da zai rushe tsoho ya gina sabo ba. Ganuwa mai tsawon mita 1.200 tana nan tsaye, haka hasumiyar Tour César ta ƙarni na 12. UNESCO ta sa Provins cikin kayan tarihin duniya a 2001, shekara 12 kafin Agadas.

Daga tasha zuwa tsohon garin hawa ne, kuma daɓen dutse ne, bai dace da takalmin ofis ba. Mai kiyaye abin da yake ci gara ya riƙo guzurinsa daga Paris. A watan Yuni akwai bikin tuna zamanin da, ranar nan kuwa jirgin kan cika tun da safe.