Kaye ɗaya da bik ɗaya: rubutun da muke farawa mu yasar

 Yau da tambaya za mu fara. Nawa aka sayar da tiyar hatsi a kasuwar garinku a daminar 2005, shekarar da ƙarancin abinci ya cika wuraren jinyar yara na Maraɗi? Wace rana aka ɗauke kuran a unguwarku a watan Agustan 2023, bayan Najeriya ta katse layin wuta, kuma kwana nawa kuka yi kuna kai salula caji wurin mai gurup? Ku jefa wannan tambaya a fada lokacin shayi. Mutum biyar za su ba da amsa biyar, kowa ya rantse tasa ce daidai, kuma da wuya a samu wanda zai shiga gida ya fito da takarda.

Ra'ayinmu a nan shi ne, duk wanda Allah ya ba shi iya rubutu, da boko ne ko da ajami, ya kamata ya ajiye kaye nasa na kansa, yana rubuta abin da ya gani da ranar da ya gan shi. Mutane da yawa sun taɓa farawa. Matsalar ba wurin farawa take ba, wurin ci gaba take, musamman bayan mutum ya yi wata biyu ko uku bai taɓa kayen ba, sai kunya ta hana shi komawa.

Mu ma'aikatan rediyo mun san nauyin wannan magana fiye da kowa, don sana'armu iska ce. Ka yi awa guda kana hira da dattijo mai shekara tamanin, ya kawo labarin da ba wanda ya san shi sai shi, shirin ya ƙare, a sa waƙa. In ba a adana muryar ba, ta tafi kenan. Haka saƙonnin murya na WhatsApp da muka dogara da su yanzu. Salula ta cika a goge, ko ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge ta a tasha, sai labarin shekara uku ya bi ta.

Ku duba abin da muka sani game da Damagaram ta wajen 1850. Kaso mai yawa daga littattafan baƙi ya fito. Wani Baturen Ingila, James Richardson, ya sauka Zinder a watan Janairun 1851, yana rubuta abin da ya gani kullum: kasuwa, fada, cinikin bayi, hukuncin sarki. Ya rasu a watan Maris na wannan shekarar a hanyar Barno, amma takardunsa sun isa Landan, an buga su a 1853. Abokin tafiyarsa Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Tasawa a 1851, ya zo Zinder a ƙarshen 1852, littafinsa ya fito juzu'i biyar. Da idonsu suka kalle mu, da son ransu da ƙyamarsu, amma su suka rubuta rana da wata, shi ya sa har gobe masu bincike su suke buɗewa.

Akwai kuma ɗanmu, Dorugu, yaro daga ƙauyen Dambanas kusa da Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, aka ƴanta shi, ya bi Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855. Can ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ba sarki ba ne, ba malami ba ne a lokacin. Abin da ya ci, abin da ya ba shi tsoro, yadda ya ga Turawa suna zama wurin cin abinci, su ya faɗa. Yaran da aka kama tare da shi ba su da iyaka, amma shi muke kira da suna yau, don nasa labarin ya hau takarda.

Kakanninmu suna da tasu dabarar, ba mu raina ta ba. Suna sa wa shekara suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba. Ta 1984 mutanen gabas suka ce El Buhari, don ta zo lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Mutanen Maraɗi suna lissafi da ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari a bakin gulbi har aka hau tudu. Sunan yana zama a bakin mutane, amma abin da ke cikinsa yana zubewa kaɗan kaɗan: wa ya rasu, wa ya yi hijira, me aka ci, nawa aka sayar da saniya. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado, da ya rubuta littafi kan tarihin yunwa a Sahel a 1993, sai da ya haɗa bakin dattawa da rahotannin Turawan mulkin mallaka kafin hoton ya fito.

To, bari mu sauko daga tarihi mu zo cikin gida, don amfanin kaye ba na masu bincike kaɗai ba ne. Mu nawa ne takardunmu ke cewa an haife mu "wajen" shekara kaza, ko ranar 1 ga Janairu, don ba a rubuta ranar ba, sai da za a shiga lakwal ko a yi jarrabawa aka je kotu neman takardar shaida? Layi ɗaya a kayen uba ya isa ya ba yaro ranar haihuwarsa ta gaskiya. Bashi fa? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, amma har yanzu ƴan uwa na jini suna daina gaisawa kan jika goma da wani ya ce ya biya, wani ya ce bai karɓa ba. Ga jinginar gona da aron fili. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar karkara, da kwamitocin filaye da ke ba da takarda, kuma takardarsu ita ce hujja, kaye bai maye gurbinta. Amma mai kaye ya san ranar da aka yi magana da sunayen waɗanda suka zauna, ya san wanda zai kira shaida.

Manomi kuma, in ya rubuta ranar ruwan shuka, ranar da ya yi maimai, ranar da tsutsa ta shiga hatsi, da damin da ya ɗaure, bayan shekara biyar yana da abin da wani injiniya daga Yamai ba zai iya ba shi ba, wato labarin gonarsa ita kanta. Uwa da ke rubuta ranar da zazzaɓi ya kama yaro da maganin da aka ba shi, in ta je likita ba ta tsaya tana "shekaranjiya ne ko gata". Akwai kuma wani daɗi da sai wanda ya ɗanɗana ya sani: ka buɗe shafin shekara huɗu da suka wuce, ka ga abin da ya hana ka barci a lokacin, yau ko tuna shi ba ka yi.

Yanzu wahalar. Farkon abin zafi gare shi. An sayi kaye mai shafi 200, an rubuta suna da kyau a bango, satin farko shafi biyu kullum. Sati na uku rabin shafi. Sai biki ya zo, ko tafiya, ko azumi, a wayi gari wata biyu babu ko layi. Nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Mutum ya ga giɓin ya ce ai abin ya lalace, sai sabuwar shekara ya sake sabon kaye. A ganinmu wannan tunani shi ne babban mai kashe rubutu. Kayen da ke da giɓin wata uku ya fi wanda aka daina. Ba mushe ba ne zai duba ya ba da maki. Ka rubuta ranar yau, ka ci gaba daga inda kake.

Na biyu, rashin mai karatu. Mun saba da zamanin da in ka yi magana nan take ake amsa maka, a yaba ko a zage ka. Kaye shiru yake. Wanda ya fara don a ce ya iya, ba zai kai wata ba. Mai karatun kaye yana nan zuwa, sai dai ba ya sauri: kai ne bayan shekara goma, ko ɗiyarka ranar rabon gado, ko jikan da ba a haifa ba.

Na uku ya shafe mu ƴan lakwal musamman. Da Faransanci aka koya mana riƙe bik, da shi muka yi dikte tun daga aji ɗaya har lise. In mun zo rubuta Hausa sai hannu ya kawo "ou" wurin "u", ya kawo "ch" wurin "sh", mutum ya ji kamar yana ɓata takarda, ya ajiye. Wasu kuma su koma Faransanci, sai maganar kaka ta fito ba gishiri, don abin da tsohuwa ta faɗa da Hausa ba ya shiga wani harshe da ƙamshinsa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa yana bukatar masu rubuta shi a gida, ba a takardun gwamnati kaɗai ba. Ka rubuta yadda hannunka ya iya, ƙa'ida tana zuwa da yawan yi. In Faransanci ya fi maka sauƙi wurin lissafi, yi da shi, amma maganar mutane ka bar ta da harshen da suka yi ta.

Na huɗu, tsaron kayen kansa. Gara tana ci, ɗaki yana yoyo, yara suna yage shafi, wani lokacin ma ka tarar da watan Yuli an naɗe ƙosai da shi. Leda da akwatin ƙarfe sun magance rabin wannan. Sauran rabin kuma, a ɗauki hoton shafuka lokaci lokaci a tura wa ɗan uwa amintacce.

Na biyar shi ne mafi nauyi: sirrin mutane. Kaye yana iya faɗawa hannun da ba ka so. Abin da zai raba aure ko ya zubar da mutuncin maƙwabci, in ba dole ba, a bar shi a ciki. Kuma a bambanta abin da ka ajiye wa kanka da abin da ka watsa ta salula. Dokar laifukan intanet ta 2019, da aka gyara a watan Yunin 2024, ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura. Wanda ya saba rubuta "na gani da idona" daban da "an ce", ya riga ya koyi abin da zai tsare shi a can ma.

Mun san wani zai ce mu mutanen baka ne, kuma da yawa cikinmu ba su yi lakwal ba. Gaskiya ne. Amma ƙasar nan ba baƙuwar alƙalami ba ce. Dubban rubuce-rubucen larabci da ajami suna ajiye a cibiyar binciken IRSH ta Yamai, tarin da Boubou Hama ya fara haɗawa, kuma malaman zaure ne suka rubuta su, ba ƴan jami'a ba. Yau kusan kowane gida akwai ɗan kwaleji ko almajirin da ya iya ajami. Tsoho ya faɗa, yaro ya rubuta, kamar yadda Dorugu ya faɗa wani ya rubuta. Wani kuma zai ce takarda ma tana ƙarya. Tana yi. Sai dai ƙaryar da aka rubuta da kwanan wata ana iya kama ta, a gwada ta da kayen maƙwabci. Ta baka kullum sabon riga take sakawa.

Ga shawararmu a taƙaice. Kada a ɗora wa kai shafi biyu kullum. Layi uku sun isa, ko sau ɗaya a sati, misali ranar kasuwar garinku ko bayan sallar Juma'a. A fara da kwanan wata da sunan gari. A sa farashin abu biyu ko uku, tiyar hatsi, litar esansi, kuɗin kabu-kabu. A sa ruwa in an yi, haihuwa, rasuwa, baƙon da ya zo, wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya da ranar da ya tashi. In zuciya ta kawo ƙarin magana, a ƙara. In ba ta kawo ba, a rufe.

A farkon watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150. Hotuna sun zagaya ko'ina cikin awa ɗaya. Muna tambaya, cikin waɗanda suka ji ƙarar faɗuwarsa, mutum nawa suka zauna a daren suka rubuta ƙarfe nawa ne, wa ya fara fita, me liman ya ce, ina aka yi sallah washegari? Wanda bai rubuta ba har yanzu yana iya yi, tun abin bai dushe masa ba. Haka mutanen Maraɗi da ruwan waccan damina ya rusa wa gidaje, da mutanen Tawa, da na Ƙonni da suka ga yadda kasuwa ta koma lokacin rufe iyaka.

Masu tsohon kaye a ƙasan akwati, ku fiddo shi yau, ku kaɗe ƙura, ku tsallake giɓin, ku rubuta kwanan wata. Waɗanda kuma suka gaji irin wannan kaye daga iyayensu, muna so mu ji daga gare ku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.