Fitilar da kuka ƙara tana makantar da mu

Maganar yau ta samarinmu masu moto ce, kuma ba lallashi munka zo yi ba.

Duk wanda ya bi kwalta da dare daga Konni zuwa Tsarnawa, ko ya zarce Malbaza da Galmi, ya san abin da muke nufi. Kana tafe da ƴar fitilarka ta kamfani, sai ka hango farin haske kamar ana walda. Ka ɗauka babbar mota ce ta ɗauko siminti, ka sauka gefe, ashe yaro ne bisa Kasea, ya jera fitilun LED huɗu a gaba. Shi ya wuce abinshi, kai ya bar ka da duhu cikin ido. Moto mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. In ido ya ɗauke na daƙiƙa uku kawai, ka yi mita 50 a makance. Cikin wannan mita 50 ɗin akwai amalanken jaki da ba shi da ko kyandir, akwai rami, akwai mata masu komawa ƙauye daga kasuwar Laraba.

Da munka taɓo zancen a cikin shiri, ƴan kabu-kabu sun yi ta kira. Wai hanya duhu ce, wai fitilar kamfani ba ta nuna rami sai ka faɗa shi. Gaskiya ne, mu ma muna hawa. Amma fitilar kamfani an yi ta ne ta zuba haske ƙasa, kuma tana da maɓallin rage wuta in kun yi gaba da gaba da wani. Waɗannan na kasuwa watsa haske suke ko'ina, har bisa itace. Mai son ƙari ya ɗaura guda ɗaya ƙasa-ƙasa, ya sunkuyar da ita, ya sa mata maɓallinta daban, ya kashe in ya hango mutum. Mi ke da wuya a nan? Kuma makanikan da ke jona waya kai tsaye ga batir babu fiyus, kusa da tankin mai, ku ma da ku muke.

Ƙarfen gefe kam ba mu da faɗa da shi. In moto ya kwanta, shi ke hana shi danne ƙafa, shi ke raba ƙauri da salansa mai zafi. Faɗanmu da wanda za shi wurin mai walda a lanƙwasa mishi rodin gini, baki a buɗe kamar mashi, ya fito waje har yana taɓa mutane cikin kasuwa. Wanga ba kariya ba ne.

Abin da ya fi ba mu haushi: wanda ya kashe kuɗi ga fitila huɗu da ƙarfe mai fenti, ka dubi kanshi, ko hular kwano babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Tanki ya samu mai tsaronshi, kai kuma an bar shi ga kwalta.

Haka ma ranar faɗuwa. Mun gani da idonmu a hanyar Badagishiri: mutum biyar sun rufa bisa moto suna duba ko madubi ya fashe, mai moton yana kwance, wani ya zo ya fizge shi ta hannu, wani na ɗura mishi ruwa. Haba jama'a! A kashe inji, a rufe mai. In moto na bisa ƙafarshi, a ɗaga moton, kar a jawo mutumin. Wanda ya bugu a kai ko wuya ba a murɗa shi, wanda ya suma ba a ba shi ruwa. A ɗauke shi a miƙe, mutum uku ko huɗu, a kai shi likita.

In kuma kai kaɗai ne ka faɗi cikin rairayi, lafiyarka lau, kar ka duƙa ka ɗaga da baya. Moton nan ya haura kilo 100, ban da buhun albasa. Kwance kayan tukuna, sa giya, ba moton baya, ka tsuguna, hannu ɗaya ga kan moton, ɗaya ga kariya, ka tura da ƙafafu sannu-sannu.

Ga shugabannin ƴan kabu-kabu na Konni, Malbaza da Illela: kun san masu waɗannan fitilu ɗaya bayan ɗaya, a tasharku suke kwana. Kuna karɓar kuɗin ƙungiya kullum. Ku kafa doka a tasha, mai fitila sama da ƙa'ida ba ya ɗaukar fasinja da dare, tun kafin jandarma su zo su cire da kansu. Layinmu a buɗe yake a shiri mai zuwa, muna jiran shugaban da zai fara kira.