Dokar Noman Wiwi: Wa Zai Riƙe Lasin, Wa Zai Saya?

Tun shekarar 2019 ake ta muhawara a ƙasan nan a kan ko ya kamata a sassauta dokar tabar wiwi. Wanda ya tayar da maganar shi ne Gwamnan Jihar Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu. Ya tafi ƙasar Tailan ya ga yadda suke nomanta don magani, ya komo yana cewa a bar jiharsa ta yi haka, tun da an daɗe ana shukata a ɓoye cikin dazuzzukan can. To, amma jiha ba ta da ikon yanka wannan doka ita kaɗai, gama tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwayoyi a hannun Gwamnatin Tarayya. Da aka kawo shirin dokar gaban Majalisar Wakilai cikin watan Maris na 2023, wakilai suka yi masa ca, aka jingine shi.

Masu ƙi suna da hujja. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan goma da dubu ɗari shida ke shan wiwi a Nijeriya, kuma kowane mai unguwa ya san gidan da ta rushe. Masu so kuwa suna cewa ba ta sha suke nufi ba, sai irin da ake tatsar mai don magani, da wanda ake saƙa da zarensa kamar rama. Amma duk cikin gardaman nan ba a cika tambayar abin da ya dami mai fartanya ba.

Abin da ya faru a Amurka ya isa a duba. A 2018 suka halatta noman irin da ba ya bugarwa, watau wanda sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Manoma suka ji ana zancen kuɗi, suka ruga. A 2019 gonakin da aka ba lasin sun wuce eka dubu ɗari biyar. Da yawa sun shuka ba su da takardar ciniki da kowa, sun ci bashin iri mai tsada da na ƙodago. Kaka ta yi, kaya ya yi yawa, masu tatsa kaɗan ne, kuɗin ya faɗi warwas. A Jihar Kentaki, inda manoman taba suka sa rai ƙwarai, wani babban kamfanin saye mai suna GenCanna ya karye a farkon 2020. A 2021 abin da aka shuka a ƙasar duka bai kai eka dubu sittin ba. Ga kuma wata masifar: in malamin gwaji ya zo ya tarar mayen ya ɗara ƙa'ida, gonar ta zama haram, sai a lalata. Gero in kasuwa ta ƙi shi, iyali su ci. Wannan kuwa fa?

A Afirka ma an gwada. Lesoto ce ta fara ba da lasin a 2017, amma kuɗin lasin da na shinge da ɗakunan gwaji sun fi ƙarfin talaka. Kamfanoni masu jari suka shiga, mutanen duwatsu da suka gaji noman tun kakanni suka zauna yadda suke, masu laifi a idon doka. Maroko ta bi wata hanya dabam a dokarta ta 2021. Ta keɓe abin ga larduna uku na duwatsun Rif inda dama ake nomanta, ta ce manomi sai ya shiga jam'iyyar gama kai, jam'iyyar kuma sai ta ƙulla ciniki da mai saye mai lasin. Wannan ya fi kama hankali, ko da yake shi ma bai kashe kasuwar dare ba.

Saboda haka in shirin dokar ya sake komowa majalisa, lalle wakilan manoma su nemi a karanta musu nawa ne kuɗin lasin, wa zai auna amfani ya yanka masa daraja, kuma wa zai ɗauki hasara in gwaji ya kayar da gona. Wanda ya taɓa kai auduga kasuwa aka mai da lamba ɗayansa lamba uku ya san nauyin tambayar nan. In dokar ba ta amsa ba, to, ta 'yan kamfani ce, ba a yi ta don mai eka biyu ba.

Kafin nan, doka tana nan daram. Dokar soja ta 1966 har kisa ta yanka wa mai shuka wiwi, yau kuwa ɗauri ne, ma'aikatan NDLEA kuma suna sare gonaki suna ƙonewa. Ɗan kasuwan da ya kawo wa manomi iri da kuɗin gaba yana cewa an kusa halattawa, ranar kamu ba a gonar za a same shi ba.