Cinikin Biri a Sama: Hattara da Wayoyin Jabu a Intanet

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu da iyayenmu, ina so in yi amfani da wannan fili in ja hankalinmu a kan wata annoba da ke cinye guminmu a ɓoye, wato damfarar da ake yi da wayoyin hannu na jabu ta hanyar tallace-tallacen intanet. Tun zamanin kakanni Hausawa suka hana cinikin biri a sama, domin wanda ya biya kuɗin biri yana kan itace bai san ko zai sauko ba. Abin mamaki shi ne, yau har masu ilimin boko suna yin irin wannan ciniki.

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, a shekarar da ta biyo baya kuma wayoyin Android suka bayyana. Daga nan waya ta zama banki, ta zama kyamara, ta zama ɗakin karatu, ta kuma zama abin ado da ake auna mutum da shi. Kasuwa ita ma ta bi mutane zuwa cikin wayar. An buɗe Jiji a 2014, Facebook ya buɗe nasa dandalin saye da sayarwa a 2016, ga kuma WhatsApp da Instagram inda kowa ke baje hajarsa. A irin waɗannan wurare kowa na iya sa hoton kaya da farashi da lambar waya, cinikin kuma tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. Akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da yawa a ciki. Amma inda duk jama'a suka taru da kuɗi a hannu, ɓarawo ba ya rasa zuwa.

Ya kamata mu san yadda ake shirya wannan zamba, gama wanda ya san ramin kura ba ya kai akuyarsa can kiwo. Iri na farko shi ne waya ta jabu tun daga masana'anta. Kwalinta, tambarinta da launinta duk irin na asali ne, har da leda a naɗe. Idan iPhone aka kwaikwaya, a cikinta manhajar Android ce aka yi wa kwalliya don ta yi kama da ta Apple. Za ta nuna maka cewa tana da ma'ajiya mai gigabait 256, alhali abin da ke ciki bai kai ko kusa ba, an dai koya mata ƙarya ne. Sai ka ɗauki hotuna na 'yan makonni ka ga ta cika, ko ta fara zafi tana sandarewa.

Iri na biyu shi ne tsohuwar waya da aka sauya wa riga. Sanannen misali shi ne iPhone XR, wadda ta fito a 2018 da kyamara ɗaya tak a bayanta. Masu gyara kan cire cikinta su sa a gidan sabuwar waya mai idanu uku. Ido ɗaya ne ke aiki, sauran biyun ado ne kawai. Wanda ya faɗa maka gaskiya ya sayar maka a farashin XR bai cuce ka ba. Wanda ya karɓi kuɗin sabuwa a kanta kuwa ɓarawo ne.

Iri na uku shi ne wayar sata. Ita ta asali ce, amma a kulle take da asusun mai ita, ko kuma ana bibiyarta. Wata rana 'yan sanda su ƙwanƙwasa ƙofa, mai saye ya wayi gari yana bayani a ofishinsu, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa. Iri na huɗu kuwa babu wayar ma sam. Hoto ne aka ɗauko daga wani wuri. Za a ce maka kayan suna Legas, ka tura kafin alƙalami da kuɗin mota, za a ba direba a tasha. Kana turawa layin ya mutu.

To, me ya sa mutane masu hankali ke faɗawa? A ganina jarin ɗan damfara abu uku ne, kuma dukansu a zuciyar mai saye suke. Na farko kwaɗayin araha. Idan wayar da kowa ya san kuɗinta a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ta bayyana a rabin farashi, ai tambayar da ta kamata ita ce, me ya hana mai ita kai ta can ya karɓi kuɗinsa cikakke? Araha ba ta ado. Na biyu gaggawa. Kullum ɗan damfara yana da labari mai taɓa zuciya: mahaifiyarsa na asibiti, gobe zai yi tafiya, wani ma yana hanya da kuɗi a hannu. Manufarsa ita ce kada ka sami sararin yin shawara da kowa. Na uku, wanda ya fi shafarmu mu matasa, shi ne son a gani. Da yawa ba aikin wayar suke so ba, tambarin da ke bayanta suke so abokai su hango. Wanda ke sayen tambari kuwa, tambari za a sayar masa.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata iyayenmu na ikilisiya su lura da ita. Mazambaci ya san muna amincewa da wanda ke magana irin tamu. Saboda haka zai cika saƙonsa da sunan Allah da albarka, ya kira ka ɗan'uwa, wani lokaci ma ya sace asusun WhatsApp na wani da aka sani ya sa talla a zauren matasa ko na zumuntar mata. Ganin suna da hoton wanda ka sani bai isa hujja ba. Ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura ko naira ɗaya.

Hasarar kuma ba ta tsaya a kan kuɗin sayen ba. Batirin jabu da cajarsa na iya kumbura ko su kama wuta. Irin waɗannan wayoyi ba sa samun sabunta tsaro daga kowane kamfani, wasu ma da muguwar manhaja suke zuwa a ciki. Duk wanda ya sa manhajar bankinsa a irin wannan waya, kamar ya ba baƙo ajiyar mabuɗin ɗakinsa ne. Ku tuna kuma daga ina kuɗin ke fitowa. Sau da yawa buhunan masara ne da uba ya sayar, ko adashin da uwa ta yi wata da watanni tana zubi, ko kuɗin da aka tara don rajistar jarrabawar WAEC da JAMB.

Wasu za su ce maganin abin shi ne a daina saye ta intanet gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ba. Ana sayar da jabu a cikin shago ma, kuma intanet ya taimaki masu ƙaramin jari da ba su da kuɗin hayar rumfa. A yi amfani da talla don a san inda kaya suke, amma ciniki a yi shi ido da ido. Gani ya kori ji.

Ga abin da nake ba da shawara. Kada a biya ko sisi kafin a riƙe waya a hannu. A haɗu da rana a wurin da jama'a suke, zai fi kyau a shagon mai gyaran waya da ka amince da shi, kuma a tafi da babba. A danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit. Sai dai a sani masu jabu kan kwafi lambar wayar asali, don haka wannan gwaji kaɗai bai wadatar ba. Idan iPhone ce, a shiga da asusun Apple a buɗe App Store. Ta jabu ba za ta iya ba, sau da yawa ma Play Store za ta kai ka. A duba sunan samfurin a cikin saiti, a gwada kowace kyamara ɗaya bayan ɗaya, a sa layi a yi kira, a sa caji. A tabbata mai ita ya fitar da asusunsa, an goge wayar an sake kunna ta a gabanka. A karɓi rasit mai suna da adireshi. Mai gaskiya ba ya jin haushin bincike. Wanda ya fara tsaki yana duba agogo, ka bar masa kayansa.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, akwai hanyoyi biyu da bai kamata a bi ba. Ta farko ita ce yin shiru saboda kunya. Shirun waɗanda aka cuta shi ne ke ba mazambaci damar cin kasuwarsa da talla ɗaya a kan mutum goma. A adana saƙonni da shaidar tura kuɗi, a sanar da banki nan take, a kai rahoton tallar ga masu dandalin, a kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan zamba ta kwamfuta da waya. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, amma rahoto na iya tsare na baya. Mu kuma da muke gefe, mu daina yi wa wanda aka cuta dariya, gama dariyar ce ke rufe bakinsa.

Hanya ta biyu ta fi muni, ita ce a goge wayar a mayar da ita kwali a nemi wani marar sani a sayar masa don a fanshe hasara. Wanda ya yi haka ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi. A makaranta irin tamu, inda ake koya mana gaskiya da riƙon amana tare da lissafi da kimiyya, bai dace a ji ɗalibi ya yi wa ɗan ajinsu haka ba. Hasarar kuɗi ana mayar da ita, amma sunan da ya ɓaci da wuya ya gyaru.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana, musamman 'yan aji shida da ke shirin fita duniya, mu sayi abin da ƙarfinmu ya kai. Sabuwar Tecno ko itel ta gaskiya, mai garanti da rasit, za ta yi maka karatu da kira shekara da shekaru, ta fi babbar waya ta ƙarya da za ta mutu kafin hutun Kirsimeti. Malamanmu kuma su ware ko da darasi ɗaya a ajin kwamfuta don nuna wa ɗalibai waɗannan gwaje-gwaje, iyaye su riƙa raka 'ya'yansu wurin saye. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu daga sharrin macuta, ya kuma ba mu zuciyar wadar zuci, amin.