Wa ya ce ƙofar Najeriya ɗaya ce?

Tun da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a 2025 da kashe naira biliyan 712 wajen sake gina tsohon sashen filin jirgin saman Murtala Muhammed na Legas da wasu ayyuka a filin, hujja ɗaya ake ta nanata mana. Wai filin jirgi shi ne ƙofar ƙasa, shi baƙo ke fara gani, don haka ko nawa aka zuba masa ba asara ba ce. Har wasu 'yan bokonmu na Arewa sun karɓi zancen suna tallata shi. Ni ban yarda ba, kuma duk wanda ya san hanyar Bagudo ta jihar Kebbi zuwa iyakar Benin zai gane dalilina.

Ban ce ginin bai tsufa ba. Tun 1979 aka buɗe shi, ya sha jiki. Amma a tuna cewa a 2022 aka ƙaddamar da sabon sashe a wannan filin dai, ɗaya daga cikin waɗanda aka gina da bashin dala miliyan 500 na ƙasar Sin, tare da na Abuja da Kano da Fatakwal. Ba a gama sauke wancan nauyi ba, ga wani. Kuma kuɗin da za a kashe wa filin jirgi guda ya zarce kasafin jihar Kebbi kacokan na 2025, wanda bai kai biliyan 600 ba, da albashinsa da asibitocinsa da makarantun ƙananan hukumomi 21.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda kuɗin zai fito. Ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya bayyana cewa ba bashi za a ciwo ba, daga asusun ayyukan raya ƙasa za a ɗauka, wanda ake tarawa da rarar cire tallafin mai. To, wa ya biya wannan rarar? Ku je fadamun bakin kogin Kwara da rani, wajen Illo da Lolo, ku ga manomin shinkafa tsugune gaban injin ban-ruwa da jarkarsa, yana auna fetur da kwalba, yana kashe injin tun ruwa bai gama zaga fangali ba domin man ya kai shi gobe. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 yake wannan lissafi. Shi ya biya. Kuma da wuya ya taɓa taka Ikeja har ya koma ga Mahaliccinsa.

Shi ma yana da ƙofa. Sunanta Tsamiya, mashigar da ke fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin; akwai Lolo, akwai Maje. Ta nan shanu da hatsi da albasa da busasshen kifi ke shige da fice, naira da sefa na canza hannu, Bahaushe da Badendi da Bafillace da Babushe suna ciniki da 'yan uwansu na tsallake, waɗanda auratayya ta haɗa su tun kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakaninsu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka toshe gadar Malanbil zuwa Gaya, kowa ya ga yadda hankalin direbobin manyan motoci ya karkato wannan yanki. Baƙon da ya shigo ta nan me yake fara gani? Shinge bayan shinge, kowanne da mai jiran na goro. Ga dogon jira cikin rana, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa tafiyar yamma ta zama kasada. Wannan ita ma fuskar Najeriya ce, sai dai ba mai manyan riguna ke kallonta ba.

Idan gwamnati ta tuna da iyaka, da kwaɗo take zuwa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kamar duk mazaunin wurin ɗan fasa-ƙwauri ne. An taɓa rufe filin jirgin Legas wata goma sha shida saboda an kama masu safarar ƙwaya a ciki? Can ana sayen na'urar bincike ne. Nan kuwa sai a hukunta gari guda.

Za a ce ai Kebbi ma tana da nata filin. Gaskiya ne, ga na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, kuma daga nan jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a 2024. Mun gode Allah. Amma in aikin Hajji ya wuce, jirage nawa ke sauka? Buhun albasar Aliero nawa ya taɓa tashi daga can? Hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, da bakinta ta sha faɗin cewa mafi yawan filayenta ba sa mayar da abin da ake kashe musu. Na Legas yana cikin ƙalilan masu kawo riba, kuma wannan hujja ce a kan masu goyon bayan aikin: mai nono a gida ba ya roƙon fura da nono a maƙwabta. A bar shi ya gyara kansa da kuɗin fasinjojinsa da na 'yan kasuwa masu zuba jari.

Mutanen Bagudo ba su nemi bene mai gilashi ba. Kwalta mai ɗaukar tirela daga gadar Tuga zuwa bakin iyaka, tashar kwastan ɗaya tak da za a duba kaya sau ɗaya a wuce, wurin ajiyar kayan gona, da jami'an tsaro masu kwana a wurin. Ministan kasafi da tsare-tsare, Atiku Bagudu, ya mulki jihar nan shekara takwas, ba sai an zana masa taswirar Tsamiya ba. Shi da sanatocinmu uku da Gwamna Nasir Idris muke kira: a kasafi mai zuwa, ku nuna mana layin da aka rubuta sunan iyakar Bagudo da adadin kuɗin da ke gabansa.